Littafin ƙwai ne ya samo mini tallafin gwamnati

Firji uku ne jarina, kuma babu mai sanyi a cikinsu. Matattu na sayo a wajen masu gyara, na fitar da injinansu, na sa wa kowanne ƙwan lantarki da 'yar fanka da na'urar auna zafi, suka koma injin ƙyanƙyasar ƙwai. Kowanne yana cin kiret takwas, ƙwai 240 ke nan. Shagona yana Pantami, a cikin garin Gombe, jikin shagon wani dattijo mai walda da muke kira Baffa, shi ne ma yake haɗa mini tirorin ƙarfe da nake jera ƙwan a kai.

Sana'ar ba ta da wuyar bayani. Mace ta tara ƙwan kajinta ko ta sayo na zabi, ta aiko yaro da shi, ni kuma in zuba a inji in karɓi ladana a kan kowane ƙwai. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa ya kai 28. Zafin ciki dole ya tsaya kusa da 37.5, a riƙa juya ƙwan sau da yawa a yini, sai kwana uku na ƙarshe a ƙyale shi. Da hunturu fama nake da bushewar iska, sai na ƙara kwanon ruwa a ciki. Da bazara kuwa, a watan Maris da Afrilu, zafin Gombe kan wuce abin da ƙwan yake so, sai aikin ya juye ya koma neman yadda za a rage. Kasuwarmu ta gaske damina ce, domin a lokacin zabi suke saki, zabuwa kuma kowa ya sani ba ta iya kwanci ba. Tun kakanni kaza ake sa wa ƙwanta. Ni kawai na karɓe wa kazar aiki ne.

Abin da ya kai ni neman tallafi ya faru ne a daminar 2023. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Wutar lantarki ba ta kwana a layinmu, janareta ne ke riƙe da injinan. Sai na fara dabarar talaka: in kashe shi ƙarfe biyu na dare, in tayar da asuba, ina cewa ai jikin firji yana riƙe ɗumi. Dare biyu abin ya yi. A na uku aka kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ni kuma barci ya sace ni har rana ta fito. Ƙwan zabi sama da 400, saura mako guda su fashe, kusan duk suka zama baragurbi.

Ƙa'idata ita ce idan ɓarnar daga wajena ta fito, ba na karɓar ko sisi. Amma ƙin karɓar lada ba ya mayar wa mutum ƙwansa. Akwai wata Goggo a bayan layinmu da ta sayar da tunkiya ta sayo kiret uku daga ƙauye. Da na je yi mata bayani ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ba komai ɗana, haka Allah ya so," ta ci gaba da tankaɗenta. A hanyar dawowa na ƙudurta ko dai in koma sola ko in rufe shagon.

A rediyo na fara jin maganar GO-CARES, shirin tallafi na gwamnatin jihar Gombe, daga baya shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon kaji ya tabbatar mana cewa akwai ɓangaren ƙananan sana'o'i a ciki. Kafin in taka ko'ina sai da na tuna da Hamma, yayana. A 2020 ya cika fom ɗin kuɗin korona na Babban Banki, kuɗi suka shigo, ya yi wa gida hidima, ya ƙara wa babur ɗinsa taya, yana ta cewa rabonsa ne na arzikin ƙasa. Ashe rance ne, a rubuce ma yake cikin abin da ya danna ya amince bai karanta ba. Shekaru suka tafi, wata rana aka turo masa kuɗin wani aiki, kafin ya isa wajen mai POS an cire bashin ta hanyar BVN. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na gaya masa niyyata cewa ya yi, "Kai dai ka tambaye su da bakinka, kuma su nuna maka a takarda."

Ban kai ga ofis ba sai da wani ya tare ni. Irin mutanen nan ne da ba ka rasa su a bakin kowace ma'aikata, da babban fayil a hammata da hula a karkace. Ya ce ya san masu haɗa sunaye, in na ba shi Naira 15,000 sunana zai fito a rukunin farko, in kuɗi sun shigo kuma a raba da shi kashi ɗaya cikin biyar. Gaskiya ba tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, kuɗin ne babu a aljihuna. Daga baya na gane ko ma'aikacin wurin ba ne.

A ciki wata jami'a na samu, na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don Allah kafin komai, wannan abin kyauta ne ko bashi?" Ta yi dariya ta ce ni ne na biyar da ya yi mata tambayar a ranar. Ta ce a wajena tallafi ne, ba za a ce in biya ba, amma ba kuɗin cefane ba ne, abin da na rubuta zan yi da shi za a zo a duba. Ita ce ta fara warware mini yadda shirin yake. Sunansa na ƙasa NG-CARES, an kafa shi ne don farfaɗo da mutane bayan korona, da dala miliyan 750 daga Bankin Duniya, kowace jiha aka ware mata miliyan 20 tun farko. Kashi uku ne: na tallafa wa marasa ƙarfi da ayyukan unguwanni, na manoma, sai na masu ƙananan sana'o'i. A cikin namu ma akwai na rage wa mutum nauyin bashin banki, akwai na kuɗin gudanar da sana'a, inda sola ta shigo, akwai na kayan fasahar zamani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin kansu rance ne a wuyan gwamnati. Wato ni an ba ni kyauta, amma ƙasa za ta biya, ni ma ina cikin masu biyan ta wata ƙofar.

Sai ta karanto abubuwan da zan kawo: takardar rajistar sana'a, lambar haraji, asusun banki, BVN, NIN, wata shaida da ke nuna sana'ar tana tafiya, da takardar farashin abin da nake son saya. A cikin bakwai ɗin nan uku kawai nake da su, asusun banki da BVN da NIN, su ma ashe da gyara.

Rajistar sana'a laifina ne. A ƙarshen 2020, cikin shirin Survival Fund, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajistar suna a hukumar CAC kyauta. Wani abokina ya bi ni har shago da maganar, na ce masa tarkon haraji ne, su san inda kake su biyo ka. Yanzu ga ni a shagon intanet ina biyan abin da aka ba ni a banza na ƙi: Naira 500 ta kama suna, 10,000 ta rajista, ga ladan mai kwamfuta da ya kusa kamo su. Sunan farko da na zaɓa aka ce wani ya riga ni, na biyu ya shiga. Satifiket ɗin ta imel ya zo, na buga shi a takarda mai kauri na sa a leda. Shekara shida ina wannan sana'a, amma a idon hukuma ran nan aka haife ta.

Inda na sha wuya shi ne suna. A takardar makaranta sunan mahaifina Muhammad ne, a banki wani ya rubuta Mohammed tun lokacin da na buɗe asusu ina ɗalibi, a NIN kuma Muhammadu. Mu a wajenmu suna ɗaya ne, ko yaro ya sani. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Ƙari a kan haka, ranar haihuwata a banki 1 ga Janairu ce, irin wadda ake rubuta wa duk wanda ya ce bai tuna ba. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na kai banki aka daidaita BVN da abin da ke kan NIN, na koma sau uku kafin gyaran ya hau. Mako uku suka tafi a nan. A layin bankin na lura rabinmu matsalarmu ɗaya, wani Abubakar ne a nan Bukar a can, wata an sa mata sunan miji a takarda ɗaya, na uba a ɗaya. Duk wanda yake tunanin neman wani tallafi nan gaba, ko ba a buɗe komai ba, ya je ya gyara wannan tun yanzu, don in an buɗe ba a jiran mai gyaran suna.

Da na karɓo takardar shige da ficen kuɗi ta asusuna, kunya ta kama ni. Wata da watanni babu abin da ya shiga sai ɗan abin da ba a rasa ba, domin masu kawo ƙwai kuɗi a hannu suke bayarwa, wata ma da ɗan tsako take biya. Wuri ɗaya ne takardar ta cika, daga Janairu zuwa Maris na 2023, lokacin canjin kuɗi da takardun Naira suka ɓace, kowa ya koma tura wa ta waya. Wahalar da muka yi ta tsine wa ita ce kaɗai ta bar mini shaida a banki.

Takardar farashi na karɓo daga shagon masu sola biyu a watan Agusta. Na rubuta faranti huɗu, batir biyu manya, inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, da na'urar daidaita caji, jimilla Naira 950,000. Fom ɗin kansa bai yi tsawo ba, amma akwai tambayar da ta tsayar da ni: nawa sana'arka take kawowa a wata? Na rubuta adadi, na goge, na sake rubuta wani. Gaskiyar magana ban sani ba. Abin da na sani shi ne ana ci a gida, ana biyan haya, wani lokaci a ranta.

Bayan kamar wata guda aka kira ni da safe aka ce masu dubawa suna hanya. Mutum biyu ne, namiji da mace, da ƙaramar kwamfutar hannu. Suka ɗauki hoton shagon daga waje, suka ɗauki alamar wurin a taswira, suka ɗauke ni tsaye a jikin firji, suka tambayi yaran nan biyu da ke taya ni ko ana biyansu, da nawa. Namijin ya buɗe firji ɗaya, ɗumi ya buso masa, ya ja da baya yana dariya, ya ce shi dai bai taɓa ganin firjin da ke dafa mutum ba. Sannan macen ta ce, "Malam, ina littafin cinikinka?"

Na ce ba ni da shi. Na ga fuskarta ta canza, ta fara rubuta wani abu. Ƙaramin yaron shagon ne ya ce, "Oga, ko littafin ƙwai?"

Wannan littafin ban taɓa ɗaukarsa a matsayin lissafi ba. Rigima ce ta sa na fara shi. A shekarata ta farko mata biyu suka kusa dambe a ƙofar shago, kowacce tana cewa 'yan tsakin da suka fito nata ne, na ɗayar ne suka lalace. Tun daga ranar kowane ƙwai da ya shigo sai na rubuta masa lamba da fensir a jikin ɓawonsa, a littafi kuma in rubuta lambar, da mai shi, da ranar da ya shiga, da adadi. A kwana na bakwai in haska su da tocila, wanda babu ɗa a ciki in fitar in rubuta. Ranar ƙyanƙyasa in rubuta nawa suka fito, nawa aka biya, nawa ya rage. Ana cika littafi in jefa a kwali in sayi wani. Yaron ya jawo kwalin daga ƙarƙashin benci, littattafai 11, wasu ɓera ya ɗan taɓa gefensu.

Matar nan ta nemi kujera ta zauna. Ziyarar da suka ce ta minti goma ce ta kai awa guda. Tana buɗawa tana tambaya, me ya sa Yuli da Agusta suka fi cika, na ce zabi. Me ya sa Afrilu ya zama fayau, na ce zafi, ƙwan yakan lalace tun kafin ya iso gare ni. Ta iso shafin asarar nan da na yi, inda na ja dogon layi da jan biro na rubuta "ba a biya ba, laifina", ta ɗago ta dube ni, ta ɗauki hoton shafin. Ta ƙirga sunaye a littafin ƙarshe kaɗai ta samu gida sama da 60, kusan duka mata. Ta ce, "Ka san wannan ya fi takardar bankinka magana?" Sannan ta ɗauki biro ta nuna mini yadda zan ƙara layi biyu a gefe, ɗaya na abin da na kashe, ɗaya na abin da ya saura.

A daren na zauna da kalkuletar waya na bi watanni uku na baya. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Tun da mai ya tashi, a kowace Naira 100 da ta shigo kusan 70 janareta ke sha. In aka cire haya da ladan yara, aikin banza nake yi, wani watan ma da kuɗin gyaran wayoyin lantarki da nake yi a gidajen mutane nake ciyar da shagon ban sani ba. Adadin da na rubuta a fom ya ninka gaskiya sau biyu. Ba da niyyar ƙarya na rubuta ba, kuɗin da ke wucewa ta hannuna nake ɗauka nawa ne.

Daga nan sai jira. An sa mu a wani zaure na WhatsApp da wani daga cikin masu nema ya buɗe, kullum da sabon labari: an fara biya a jiha kaza, an soke, an ƙara kuɗin, ranar Litinin ne. Ana ta turo adireshin intanet na bogi masu neman lambar katin banki, wani tela a cikinmu ya saka tasa, aka kwashe masa ɗan abin da ke ciki. A tsakanin nan ne kuma aka shiga cika fom ɗin Naira 50,000 na gwamnatin tarayya na masu ƙananan sana'o'i, mutane suka riƙa haɗa shi da namu, har Dada, mahaifiyata, take tambayata ko nawa dubu hamsin ɗin sun fito.

Cikin jiran na leƙa wata ƙofar. Wani ƙanen abokina da ya karanta kwamfuta ya ce abin da nake yi ƙirƙira ce, in nemi shiga ƙarƙashin dokar kamfanonin fasaha masu tasowa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, wadda ɗan unguwarmu Farfesa Isa Ali Pantami ya tsaya a kanta yana minista. Muka karanta sharuɗɗan tare. Ana son cikakken kamfani mai hannun jari wanda bai wuce shekara 10 ba, kuma harkarsa ta zama ta fasahar zamani irin ta manhaja. Ni sunan kasuwanci ne da ni da matattun firji uku. Na ce masa wannan rigar ba da awona aka ɗinka ta ba. Haka nake ji in ana maganar filin masana'antu na Dadin Kowa da wutar madatsar ruwan can. Abin alheri ne, ina kuma fatan ya cika da injina, amma tsakanin mai kafa masana'anta da mai karɓar dubu hamsin akwai mu, jama'a mai yawa, masu buƙatar abin da ya fi ƙarfin adashi amma bai kai a sa kwat a je banki ba.

Abin da jiran ya ci mini ba haƙuri ba ne kaɗai. Lokacin da na karɓi takardar farashi dala tana ƙasa da Naira 1,000. Kafin Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kayan sola kuwa daga waje suke zuwa. Batirin da aka rubuta mini 180,000 na koma na tarar ana cewa 300,000, mai shagon ma yana cewa farashin na yau ne kawai.

Cikin azumi, a watan Maris, ina zaune bayan la'asar sai waya ta yi ƙara. Naira 400,000. Na duba sau uku, na fita na zagaya bayan shago na sake dubawa. Bai kai rabin abin da na nema ba, kuma a farashin ranar ko kashi ɗaya cikin uku na kayan ba zai saya ba. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗa a gida kafin in kashe. Kafin sallar isha labari ya zaga dangi. Wani kawuna ya aiko a gaya mini rufin ɗakinsa na zuba, ga damina tafe. Wata 'yar'uwa tana da bikin 'ya bayan salla. Ba wanda ya roƙa kai tsaye, kowa dai yana taya ni murna da "abin da gwamnati ta raba". Dada ce ta raba gardamar. Ta ce, "Kuɗin nan da aiki aka ba shi. Ku bari kazar ta yi ƙwai tukuna." Duk da haka sai da na cire 20,000 daga kuɗin aikin waya na kai wa kawu, don zumunci ba ya jiran rasit.

Ƙarancin kuɗin ne ya tilasta mini tunanin da ya kamata in yi tun farko. Na zauna na tambayi kaina me zan yi da inbata. Aikinta ta mayar da wutar batir irin ta gida, ni kuma abin da nake buƙata ɗumi ne da iska kawai, waɗanda wutar batir mai bolt 12 za ta iya bayarwa kai tsaye. Na cire ƙwayayen lantarkin gida na sa na mota, na samo fankokin tsofaffin kwamfutoci a wajen masu gyara, na sayi na'urar daidaita zafi mai aiki da batir. Na lilliƙe bakin ƙofofin da sabuwar roba, na rage inda ɗumi ke tsiyaya. Da haka faranti biyu da batir ɗaya da na'urar caji suka ɗauki firji biyu dare da rana. Na ukun na bar shi a kan wutar gari da janareta, sai kasuwa ta cika nake kunna shi. Da an ba ni duk abin da na nema, da inbata zan saya in ci gaba da ɓarnar wuta ina jin daɗi.

Wajen sayen kayan mai shagon ya tambaye ni, cikin raɗa, nawa zai rubuta a rasit. Na ce abin da na biya. Ya ce wasu sukan ce a ƙara. Na ce a rubuta abin da na biya, a sa lambar jikin batirin da ta kowane faranti. Na haɗa rasit ɗin da satifiket a leda ɗaya.

Amfanin hakan ya fito cikin damina. Wani mutum ya zo shi kaɗai, ba daga ofishin da na cika fom ba, ya ce shi mai tantancewa ne mai zaman kansa. Ya nemi ganin saƙon banki, ya gwada lambar batir da ta rasit, ya hau benci ya leƙa farantan a kan rufi. Na ba shi ruwa, na tambaye shi dalilin wannan binciken bayan an riga an biya. Ya ce tsarin shirin ke nan: jiha ce take fara kashe kuɗinta, sai masu tantancewa sun zagaya sun tabbatar da cewa mutanen da aka rubuta suna nan kuma abin ya isa hannunsu, sannan Bankin Duniya ya mayar wa jihar. Idan aka zo ba a same ni ba, ko aka tarar na sayar da kayan, ba a lissafa ni. Sai a lokacin na fahimci dalilin hoto da taswira da nacin ganin littafi. Ya tambaye ni ko wani ya nemi a ba shi wani abu, na ba shi labarin mai fayil a hammata, ya rubuta.

A daminar nan ban yi asarar zubi ko ɗaya saboda wuta ba. A littafi, cikin kowane ƙwan zabi 10 masu ɗa, 7 zuwa 8 suna fitowa. Na rage ladan da na ƙara lokacin tsadar mai. Goggon nan ta bayan layi na aika aka karɓo mata kiret uku da kuɗina, na zuba, ranar da suka fashe na kai mata 'yan zabi 64 a kwali. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta ce yaro ya kawo mata tsaki ta watsa musu.

Duk zuwan da masu dubawa suka yi, Baffa mai walda yana zaune a ƙofar shagonsa yana kallo. Shekararsa sama da 30 yana wannan aiki, ya yaye yaran da ba zai iya ƙirgawa ba, kuma rashin wuta ya fi cinsa a kaina, don injin walda ba ya jin lallashi. Ba shi da rajista, asusun da yake amfani da shi na ɗansa ne, cinikinsa duk a ka yake. Bayan mai tantancewa ya tafi ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, su waɗannan mutanen ba sa ganin tsofaffi ne?" Na ce, "Baffa, takarda suke gani." Ya yi shiru, ya ce shi bokonsa bai wuce sa hannu ba. Na ce ai yana rubuta ajami, kuma ba a ce dole sai da boko ba.

Washegari na sayo masa littafi mai shafi 80 da biro, na ja masa layuka irin nawa, har da biyun da matar nan ta koya mini. Muka yi da shi ranar Litinin zan raka shi a duba NIN ɗinsa. Da yamma na leƙa in ga ko ya fara. Ya sa tabarau, ya cika layin farko, ya juyo da littafin ya karanta mini da ƙarfi yadda yaran shagona za su ji: tire takwas na mai ƙwai, tun watan azumi, bai biya ba.